Faransa Ta Miƙa Barikin Abijan: Abin Da 'Yan Kasuwar Ajame Da Treichville Suka Gani Kafin A Kai Ga Haka

A ranar Alhamis 20 ga watan Fabrairun 2025 ne ƙasar Faransa ta miƙa wa gwamnatin Kwaddibuwa babban barikin sojanta da ke unguwar Port-Bouet, kusa da filin jirgin saman Abijan, wato barikin nan da kowa a garin ke kira BIMA. Ministan tsaron Faransa na lokacin, Sebastien Lecornu, da takwaransa na Kwaddibuwa, Tene Birahima Ouattara, su ne suka jagoranci bikin, inda aka sauya wa barikin suna zuwa na Janar Thomas d'Aquin Ouattara, babban hafsan sojan ƙasar na farko. An bayyana a wurin cewa sojojin Faransa kimanin 80 ne za su saura domin aikin horarwa. Aka yi jawabai, aka yi fareti, kowa ya kama gabansa, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Idan mai karatu bai manta ba, a kan hanyar zuwa wannan bariki da filin jirgin da ke maƙwabtaka da shi ne aka zubar da jinin mutane masu yawa a watan Nuwamban 2004, lokacin da dubban matasa suka fito suna neman sojojin Faransa su fice musu daga ƙasa. Tunda yau maganar korar sojojin waje ta zama ruwan dare daga Bamako har Yamai, ya kamata 'yan kasuwarmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni da Ɗan Isa su san yadda ta kaya a Abijan, domin 'yan uwanmu da ke neman abinci a Ajame da Treichville sun ga wani abu da ba kasafai ake faɗa a wurin gangami ba. Sun ga cewa mai ƙin sojan baƙi daban, mai ƙin yaƙi daban, kuma idan aka fara ihun a kori baƙo, ba wuya ihun ya iso ƙofar shagon Bahaushe.

Unguwanni biyu, gadoji biyu

Ga wanda bai taɓa zuwa Abijan ba, ruwa ne ya raba garin. Akwai wani babban tafki da ake kira Ebrie. A arewacinsa Plateau take, unguwar ofisoshin gwamnati da bankuna, sannan a bayanta Ajame, wadda ita ce cibiyar saye da sayarwa. A Ajame manyan tashoshin mota suke, nan baƙon da ya taso daga Yamai ko Wagadugu ko Bamako yake fara sauke jakarsa, nan kuma babbar kasuwar Forum take da kasuwar wayoyi da kayan lantarki da ake kira Black Market. A kudancin tafkin kuwa Treichville ce, tsohuwar unguwar baƙi, mai tashar jiragen ruwa da tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Wagadugu. A shekarun da muke magana a kansu, gadoji biyu ne kacal suka haɗa ɓangarorin: gadar Houphouet-Boigny da gadar De Gaulle, kuma dukansu a Treichville suke sauka. Daga nan sai mutum ya ɗauki babban titin da a lokacin ake kira Giscard d'Estaing ya miƙe har Port-Bouet, inda filin jirgi da barikin Faransa da babbar mayanka da kasuwar dabbobi suke a wancan lokaci. Saboda haka duk wani gangami da ya taso daga manyan unguwannin Yopougon ko Abobo da nufin zuwa barikin, sai ya ratsa ta gefen Ajame, ya haye gada, ya bi ta Treichville.

Hausawa ba jiya suka fara zuwa wannan ƙasa ba. Fataucin goro ne ya fara kai kakanninmu wajen Bonduku tun kafin zuwan Turawa, kuma har gobe goron Anyama, da ke arewa da Abijan, yana isowa kasuwanninmu. Daga baya aka shiga harkar shanu da tumaki, da albasar Galmi, da yadi, da takalma, da tsire. Abincin da talakan Abijan ya fi ci, wato garin rogon da suke kira acheke haɗe da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma abin da aka fi faɗa shi ne ya samo sunan ne daga 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Ƙidayar jama'a ta 1998 ta nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, wato kusan mutum miliyan huɗu.

Marigayi Shugaba Felix Houphouet-Boigny ya buɗe wa baƙi ƙofa saboda yana bukatar hannu a gonakin koko da gahawa. Amma tun kafin rasuwarsa a Disamban 1993 iska ta fara sauyawa. A farkon shekarun 1990, lokacin Alassane Ouattara yana firayim minista, aka shigo da katin izinin zama na baƙi, wanda ya zama wa 'yan sanda da jandarmomi hanyar tatsar kuɗi a kowane shinge. A zamanin Henri Konan Bedie kuma aka ɗaukaka aƙidar nan ta ɗan ƙasa na asali da suke kira ivoirite. Tun daga nan, mai doguwar riga da sunan Musulmi, ko ɗan arewacin ƙasar ne ko baƙo, ya zama abin tuhuma.

Yadda sojan Faransa ya shiga tsakani

Zaman sojan Faransa a Abijan ya samo asali ne daga yarjejeniyar tsaro ta ranar 24 ga Afrilun 1961, wadda Faransa ta ƙulla da ƙasashe uku a lokaci guda: Kwaddibuwa da Dahomey, wato Benin ta yau, da kuma Nijar. Bataliya ta 43, wadda barikin ya ci sunanta, an kafa ta a Port-Bouet a 1978.

A daren Alhamis 19 ga Satumban 2002 wasu sojoji suka yi bore a Abijan da Buwake da Korhogo, alhali Shugaba Laurent Gbagbo yana ziyara a Italiya. A wannan rana aka kashe ministan cikin gida Emile Boga Doudou da tsohon shugaban mulkin soja Janar Robert Guei. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi gwabzawa shi ne barikin jandarmomi na Agban, wanda ke cikin Ajame. Da aka fatattaki masu boren daga Abijan, sai jami'an tsaro suka far wa unguwannin marasa galihu da ke kewaye da barikin, suka rusa, suka ƙona, bisa zargin a nan maharan suka ɓuya. Yawancin waɗanda suka kwana a waje baƙi ne daga Burkina Faso da Mali da sauran ƙasashen maƙwabta. Tun ranar farko ke nan, tun ba a fara maganar Faransa ba, talakan baƙo ya fara biyan kuɗin yaƙin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Cikin kwanaki kaɗan Faransa ta ƙaddamar da rundunar da ta kira Licorne, da sunan kwashe 'yan ƙasarta da sauran Turawa daga Buwake. Daga baya rundunar ta tsaya tsakanin ɓangarorin biyu, ƙasa ta rabu gida biyu, arewa a hannun 'yan tawayen Guillaume Soro, kudu a hannun gwamnati. Kowane ɓangare ya yi fushi da Faransa. 'Yan tawaye suka ce ita ta tare musu hanyar Abijan. Mutanen Gbagbo kuma suka ce ai yarjejeniyar 1961 ta wajabta mata ta taya gwamnati yaƙi, amma ta ƙi, ta koma tana kare 'yan tawaye. Yawan sojojin Licorne ya kai kimanin 4,000. Ƙungiyar ECOWAS ita ma ta tura dakaru daga Senegal da Ghana da Togo da Benin da Nijar, waɗanda a Afrilun 2004 suka koma ƙarƙashin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna ONUCI.

Ga 'yan kasuwa, rabuwar ƙasar ta zama masifa. Jirgin ƙasan Wagadugu ya tsaya kusan shekara guda, iyakar Burkina ta kasance a rufe har Satumban 2003. Kayan Nijar da Mali da Burkina da suka saba sauka a tashar Abijan suka koma Tema da Lome da Kwatano. Mai albasa ko mai dabbobi da ke son isa Abijan sai ya zagaya ta Ghana ya shigo ta iyakar Noe, ko kuma ya bi ta arewa ya biya 'yan tawaye a shingayensu, ya zo kudu ya sake biyan sojan gwamnati, wanda kuma zai tambaye shi me ya sa ya fito daga yankin abokan gaba. Gaba kura, baya sayaki.

Tutar Amurka a hannun masu ƙin Faransa

A Janairun 2003 Faransa ta tara 'yan siyasar ƙasar da 'yan tawaye a garin Marcoussis da ke kusa da Paris, aka sa hannu a yarjejeniyar kafa gwamnatin haɗaka ƙarƙashin Seydou Diarra. Da labari ya iso Abijan cewa za a ba 'yan tawaye ma'aikatun tsaro da na cikin gida, sai gari ya rikice. Matasan da ke kiran kansu 'yan kishin ƙasa, ƙarƙashin tsohon shugaban ɗalibai Charles Ble Goude, suka kai hari cibiyar al'adun Faransa da makarantunta da shagunan Faransawa.

Akwai wani abin lura a nan. A daidai wannan lokaci miliyoyin mutane a biranen duniya suna zanga-zangar ƙin yaƙin da Amurka ke shirin kaiwa Iraƙi, musamman ranar 15 ga Fabrairun 2003, kuma Shugaba Jacques Chirac na Faransa yana cikin manyan masu adawa da wannan yaƙi. Amma a Abijan masu zanga-zanga tutar Amurka suke ɗagawa, suna kiran gwamnatin George Bush ta zo ta cece su daga Faransa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa damuwar jagororin gangamin ita ce sojan da ke ƙasar bai tsaya a bayansu ba. Abin da suke nema shi ne a janye daga tsakani domin sojan gwamnati ya ƙwato arewa da ƙarfin bindiga.

Waɗanda suka fito domin a aiwatar da yarjejeniyar sulhu kuwa, sun gamu da abin da ya fi haka muni. A ranar Alhamis 25 ga Maris 2004 jam'iyyun adawa, ciki har da PDCI ta Bedie da RDR ta Ouattara, suka kira tattakin neman a cika alkawuran Marcoussis. Gwamnati ta haramta tattakin. Kafin mutane su ma taru, jami'an tsaro da 'yan banga suka shiga unguwanni irin su Abobo da Ajame, aka shafe kwana biyu ana harbi ana shiga gidaje. Gwamnati ta ce mutum 37 suka mutu. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla 120 ne, da 274 da suka jikkata, da 20 da suka ɓace, ya kuma ce an fi auna 'yan arewacin ƙasar da 'yan asalin Burkina da Mali da Nijar. Duk wannan ya faru alhali akwai dubban sojojin waje a ƙasar. Wanda ya zaci zamansu garkuwa ne gare shi, a ranar ya gane kuskurensa.

Nuwamban 2004: goman ƙarshe na azumi

A ranar 4 ga Nuwamban 2004 gwamnatin Gbagbo ta karya yarjejeniyar tsagaita wuta, jiragen yaƙinta suka fara ruwan bama-bamai a Buwake. A ranar ne kuma aka farfasa ofisoshin jaridun adawa a Abijan, irin su Le Patriote da 24 Heures, aka kuma katse tashoshin FM na BBC da RFI da Africa No 1. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san ma'anar haka: an bar jama'a da murya ɗaya tak, ta gidan rediyo da talabijin na gwamnati.

Ranar Asabar 6 ga wata da rana, jirage biyu ƙirar Sukhoi suka jefa makamai a kan sansanin sojan Faransa da ke Buwake, suka kashe sojoji 9 da wani Ba'amurke farar hula, suka jikkata kusan 40. Kafin gari ya waye Faransa ta lalata jiragen biyu a filin jirgin Yamusukuro, ta bi da masu saukar ungulu, ta kuma ƙwace filin jirgin Abijan. Cikin sa'o'i kaɗan ƙasa mai cin gashin kanta ta wayi gari ba ta da rundunar sama.

Da dare Ble Goude ya bayyana a talabijin ya kira kowa ya bar abin da yake yi ya nufi filin jirgi. Dubban mutane suka kwararo daga unguwannin arewa da tafki, suka doshi gadojin nan biyu. Jiragen Faransa masu saukar ungulu suka yi ta harbi a kan gadojin domin hana su hayewa, mutanen Treichville suka kwana suna jin ƙarar a saman rufinsu. A lokaci guda wasu gungu suka bazu cikin gari suna wawashe gidaje da shaguna da makarantun Faransawa, an kuma samu rahotannin fyaɗe. A cikin wannan hargitsi fursunoni kimanin 4,000 suka tsere daga babban gidan yarin MACA da ke Yopougon. Wannan duk yana faruwa ne a goman ƙarshe na watan azumi, saura kimanin mako guda a yi ƙaramar Sallah, lokacin da mai yadi da mai takalma da tela suka zuba jarinsu suna jiran cinikin shekara.

Ranar Talata 9 ga wata abin ya kai maƙura. Sojojin Faransa sun ja daga da motocinsu masu sulke a Otal Ivoire da ke unguwar Cocody, ba nisa da gidan shugaban ƙasa, jama'a kuma suka yi musu zobe saboda jita-jitar cewa juyin mulki aka zo yi. Da yamma sojojin suka buɗe wuta a kan taron. Hukumomin Kwaddibuwa sun ce a cikin waɗannan kwanaki an kashe mutum 57, an jikkata fiye da 2,200. Faransa ta fara musantawa, daga baya ta amsa cewa sojojinta sun kashe kimanin 20. An kwashe Turawa fiye da 8,000 daga ƙasar, kamfanoni da yawa suka rufe, dubban 'yan ƙasa suka rasa aikin yi. Ranar 15 ga wata Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa ƙasar takunkumin sayen makamai.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Mafi yawan waɗanda suka mutu a kan gada da gaban otal ba su riƙe da makami, kuma ɓacin ransu yana da tushe. Babu ɗan ƙasar da zai ji daɗin ganin tankokin tsohuwar uwargijiyarsa suna yawo a titunan babban birninsa shekara 44 bayan samun 'yanci. A Afrilun 2021 wata kotu a Paris ta yanke wa matuƙa jirgi uku, ɗaya ɗan Belarus biyu 'yan Kwaddibuwa, hukuncin ɗaurin rai da rai a bayan idonsu saboda harin Buwake. Iyalan sojojin Faransa sun samu ranarsu a kotu. Iyalan waɗanda aka harbe a Abijan ba su ga irin wannan shari'a ba. Sai dai kuma waɗanda suka tura matasan nan gaban bindiga su ne suka fara kunna wutar kwana biyu kafin nan.

A Janairun 2006 aka sake irin wannan, amma a kan Majalisar Ɗinkin Duniya. Matasan suka datse titunan Abijan na kwana huɗu, suka yi wa hedikwatar ONUCI da ke Otal Sebroko, maƙwabciyar Ajame, ƙawanya. A watan da ya biyo baya Majalisar ta sa takunkumi a kan Ble Goude da Eugene Djue, tare da wani kwamandan 'yan tawaye, Martin Kouakou Fofie.

Masu cewa a ajiye makamai

Akwai wata murya dabam da ba ta da shinge a titi. Limamai da fastoci sun sha fitowa tare suna kiran a kwantar da hankali, duk da cewa masallatai da malamai sun sha fuskantar hari. Mawaƙin nan Alpha Blondy ya karɓi aikin jakadan zaman lafiya na ONUCI a 2005, yayin da Tiken Jah Fakoly, wanda ya yi ta sukar aƙidar ɗan ƙasa na asali, sai da ya yi gudun hijira zuwa Bamako. Ranar 8 ga Oktoban 2005, bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar ta ci Sudan 3 da 1 ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karon farko, Didier Drogba da abokan wasansa, 'yan kudu da 'yan arewa, Kirista da Musulmi, suka durƙusa a gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai a yi zaɓe.

Abin da ya kwantar da yaƙin farko shi ne zama tsakanin masu faɗan kansu. Ranar 4 ga Maris 2007 Gbagbo da Soro suka sa hannu a yarjejeniyar Wagadugu, da shiga tsakanin Blaise Compaore, Soro ya zama firayim minista. Aka fara rusa shingen da ya raba ƙasar a Afrilu. A watan Yuni aka buga wasa da Madagaska a Buwake, sannan ranar 30 ga Yuli aka ƙona makamai a filin wasan garin. A Nuwamban wannan shekara Gbagbo ya soke katin izinin zama ga 'yan ƙasashen ECOWAS. Da sulhu ya kankama, sai yawan sojojin Licorne ya yi ta raguwa ba tare da an sake tura kowa kan gada ba. Abin da jini bai sayo ba a 2004, zaman teburi ya fara kawo shi a 2007.

Da aka koma ruwa

Zaɓen 28 ga Nuwamban 2010 ya maido da hannun agogo baya. Hukumar zaɓe da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce Ouattara ya ci, kotun tsarin mulki ta ce Gbagbo. Gbagbo ya nemi ONUCI da Licorne su fice. Ranar 25 ga Fabrairun 2011 Ble Goude, wanda a lokacin minista ne, ya umurci matasa su kafa shingaye a unguwanni su kuma tona duk baƙon da ya shigo. A nan kalmar baƙo ta ƙarasa tafiyarta. Ta taso daga sojan Faransa, ta biyo ta kan mai shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sauka a kan ɗan dako da mai tura baro da mai tebur. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan gomomin 'yan Afirka ta Yamma da 'yan arewa da aka kashe a waɗannan shingaye, wasu ma ƙona su aka yi da ransu.

Mata ne suka yi ta maza. Ranar 3 ga Maris 2011 dubbansu suka fito a Abobo ba makami, jami'an tsaro suka harbe bakwai. Ranar 8 ga wata suka sake fitowa a Treichville domin makokin 'yan uwansu, aka kashe mutum huɗu. Ranar 17 ga wata aka harba manyan makamai cikin wata kasuwa a Abobo, aƙalla mutum 25 suka mutu. A ɗaya ɓangaren ma ba a wanke hannu ba, domin a ƙarshen wannan wata an kashe ɗaruruwan mutane a garin Duekoue bayan dakarun da ke goyon bayan Ouattara sun kama shi. Ranar 4 ga Afrilu jiragen ONUCI da na Faransa suka kai hari barikokin gwamnati, har da na Agban da ke Ajame, sannan ranar 11 ga wata aka kama Gbagbo. An ƙiyasta mutum 3,000 suka mutu a rikicin. Magoya bayan Gbagbo har yau suna cewa Faransa ce ta tumɓuke shi, wasu kuma suna cewa ba don jiragen ba da ba su tsira ba. Kotun duniya ta ICC ta wanke Gbagbo da Ble Goude a Janairun 2019, aka tabbatar da hukuncin a Maris 2021, duka biyun kuma sun koma gida.

Kada a manta, cikin sojojin wajen da ake cewa a kora har da 'ya'yanmu. Ranar 8 ga Yunin 2012 an kashe sojojin Nijar bakwai na rundunar ONUCI a wani kwanton ɓauna kusa da garin Tai, a iyakar Laberiya. An rufe Licorne a Janairun 2015, ONUCI kuma ta kammala aikinta a ƙarshen Yunin 2017.

Ina ruwan ɗan kasuwar kan iyaka?

Da ruwansa, har da tsaki. Sojan Faransa ya bar Mali a 2022, ya bar Burkina da Nijar a 2023, ya bar Chadi da Senegal a 2025, na Amurka kuma ya bar Agadas a 2024. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da ECOWAS ta yi barazanar shiga Nijar da yaƙi, Shugaba Ouattara da kansa ya ce zai ba da bataliya guda. A wannan karo masu ƙin yaƙi sun yi magana da wuri. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi, Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Tiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya, jama'a kuma suka yi tattaki a Kano. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi. Amma duk da haka iyaka ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma mai karatu ya fi mu sanin albasa da tumatir nawa suka ruɓe a cikin mota, da jari nawa ya karye. Idan rufe iyaka kaɗai ya yi wannan ɓarna, ina ga an harba bindiga?

Ba wanda zai ce wa ɗan Afirka kada ya nemi sojan wata ƙasa ya bar masa ƙasarsa. Haƙƙinsa ne. Amma duk lokacin da aka kira gangami, ɗan kasuwa ya tambayi kansa abu biyu. Na farko, idan sojan baƙin ya tafi, mai kiran nan sulhu zai nema da ɗan'uwansa, ko fili yake so a ba shi ya yaƙe shi? Na biyu, wa yake nufi da baƙo? Bahaushen Maraɗi baƙo ne a Abijan, na Katsina baƙo ne a Maraɗi a idon mai duba takarda, haka Bayarabe da Ibo da mutumin Togo da ke da shago kusa da naka a Ƙonni ko Jibiya. Wanda ya ji ana zuga jama'a a kan maƙwabcinsa na kasuwa ya yi shiru, ya tuna yana da ƙane ko ɗa a Ajame.

Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na ƙasashen waje su ma akwai aiki a gabansu tun ana zaune lafiya: su san yawan mutanensu, su matsa wa kowa ya yi katin ofishin jakadanci, su kuma riƙe zumunci da masu unguwa da limamai da fastocin wurin da suke zaune, domin ranar tashin hankali maƙwabci ne ke ɓoye mutum kafin jakada ya ji labari. Mu kuma masu magana a rediyo, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke sakar wa jama'a a kunne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.